Kwabban kamfanonin kwal na Amurka: kuɗi ne, bashi ne, ko ɗaurin talala?

Idan kana leƙa shafukan gwanjo irin su eBay, ko kana bin masu saka hotunan tsoffin kuɗi a Facebook, wataƙila ka taɓa cin karo da wani kwabo na tagulla mai huji a tsakiya, wani hujin siffar tauraro, wani jinjirin wata, wani kuma harafi guda aka ƙwaƙule, an rubuta 25 ko 50 ko 1.00 a jiki, amma babu hoton shugaban ƙasa, babu mikiyar nan ta Amurka, sai sunan wani kamfani da sunan wani ƙauye da ko a taswira sai ka sha wuya kafin ka gano shi. A ƙarƙashin hoton kuma sai ka ga mutane sun rabu biyu. Wasu na cewa ai tsohon kuɗin Amurka ne, duk wanda ya samu ɗaya ya warke. Wasu na cewa ga shaida nan an bautar da masu haƙar kwal, ba a taɓa biyan su da kuɗin gaske ba sai da wannan gwangwanin. Duka biyun akwai inda suka kauce, na farkon ma ya fi yin nisa da hanya.

To mene ne abin, me ya sa kamfanin haƙar kwal zai zauna ya buga kuɗin kansa, kuma me ya sa yau ake samun mutane da ƙungiyarsu da kundinsu suna bin sa suna saye?

Shi sikirif ɗin mene ne

Turawa na kiran sa scrip, mu ce sikirif. Kamfani ne ke fitar da shi, gwamnati ba ruwanta, kuma ba ya ci a ko'ina sai a kantin kamfanin da ya fitar da shi. A jikin da yawa daga ciki ma an rubuta ɓaro-ɓaro cewa na sayen kaya ne, kuma ba a miƙa wa wani. Akwai na takarda, akwai ɗan littafi mai tikiti-tikiti da ake yaga ana ba mai kanti, akwai kuma na ƙarfe, wanda shi ne ya fi yawa a hannun masu tarawa saboda takarda ba ta jure daɗewa. Ana buga shi da tagulla, da nikel, da alminiyom, daga senti 1, 5, 10, 25, 50 zuwa dala 1, wato dai kwaikwayon sulallan gwamnati. An yi yayinsa tun daga ƙarshen ƙarni na 19 har cikin shekarun 1950, kuma cibiyarsa ita ce yankin tsaunukan Appalachia, jihohin West Virginia da Kentucky da Virginia da Tennessee da Alabama da Pennsylvania, duk da cewa har can yamma a Colorado an yi shi.

Su kamfanonin kwal ba su da maƙera, oda suke bayarwa. Manyan masu buga musu su ne Osborne Register Company da ke Cincinnati da Ingle-Schierloh da ke Dayton, duk a jihar Ohio, kuma shi ya sa in ka juya bayan kwabon sau da yawa za ka ga ORCO, tambarin Osborne kenan. Su Osborne ba kwabo kaɗai suke sayarwa ba, har da na'urar da ke zubo shi tana buga lissafi a katin ma'aikaci.

Hujin nan na tsakiya kuwa, duk wanda ya taɓa riƙe anini ko kwabo mai huji na zamanin Turawa zai ɗauka don a zura zare ne a rataya. A nan aikinsa daban, alama ce. Kamfanoni biyu na iya zama a kwari ɗaya, mil biyu tsakani, kuma kamfani ɗaya ne ya buga musu kwabban, girma ɗaya launi ɗaya, to da hujin ne akawu zai gane nasu da kallo ɗaya, haka shi ma ma'aikacin da bai iya karanta Turanci ba, don da yawansu baƙi ne daga Italiya da Hangari da Folan, ga kuma baƙaƙen fata da suka hauro daga kudu.

Abin da aka fi kuskurewa shi ne wannan: a mafi yawan wurare sikirif adibas ne. Albashi yana nan da ranarsa, wata-wata ko bayan mako biyu, kuma a ƙa'ida da dala ake biya. Amma tsakanin wannan biya da waccan, idan gari ya ƙare a gida, sai a je ofis a ciro wani abu daga ladan aikin da aka riga aka yi, shi ne za a ba ka da sikirif, ranar biya a zare.

Me ya kai kamfani buga kuɗi

Kwal ɗin yana cikin tsaunuka ne inda babu gari, babu titi, babu banki, babu kasuwa. Jirgin ƙasa ne ya fara shiga, kamfani ya biyo shi, ya gina gidaje, ya gina kanti, da makaranta, da coci, ya ɗauko likita, sannan ya kwaso mutane ya zuba. Garin Lynch a Kentucky misali ne, wani reshen kamfanin ƙarafa na U.S. Steel ne ya kafa shi a 1917 daga babu, har ya kai mutum wajen 10,000. Binciken da hukumar kwal ta gwamnatin tarayya ta yi a farkon shekarun 1920 ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na masu haƙar kwal a West Virginia a gidajen kamfani suke zaune.

A irin wannan wuri tsabar kuɗi wahala ce. Sai an ɗauko ta daga nesa, da masu gadi, da tsoron 'yan fashi a hanya, kuma duk dalar da ke kwance a ofis jari ne da ba ya aiki. Da sikirif kamfani ya huta da wannan duka. Ya kuma huta da rubuta bashin kowane gida a littafi, gwangwanin madara ɗaya, sabulu biyu, tunda kwabon da kansa shi ne lissafin. Waɗannan dalilai ne na gaske, ba ƙirƙira ba.

Sai kuma dalilin da ba a cika rubutawa a takardar talla ba. Dalar da ka ba ma'aikaci tana da ƙafa, za ta iya tafiya kantin wani, za ta iya shiga asusu, za ta iya zama kuɗin jirgi ya kwashi iyalinsa ya bar maka garin. Sikirif kuwa daga tagar ofis sai kanta, taku kaɗan, ya dawo aljihun da ya fito, da riba a kai.

Yadda albashi ke narkewa kafin ranar biya

Nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau. Mai loda kwal ba da awa ake biyan sa ba, da tan ne. Zai shiga rami tun da duhu, ya fasa, ya loda tarago, ya rataya ɗan ƙarfe mai lambarsa a jikin taragon don a san nasa ne, a ja shi waje a ɗora a sikeli. Mai awon ma'aikacin kamfani ne. In ya ce akwai dutse a ciki sai ya zaftare, babu mai musu da shi. Wasu kamfanonin tan ɗinsu laba 2,240 ne maimakon 2,000, wasu kuma sukan ƙara katako a gefen tarago ya ƙara zurfi, ya ci kwal fiye da da, amma kuɗin lodi bai motsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ita kuma matar gida tana waje tana nata lissafin. Za ta zo tagar ofis da katin mijinta ta ce a ba ta dala biyu, akawu ya duba ya ga nawa maigidan ya loda zuwa jiya, in akwai abin da ya rage bayan an ware abin da kamfani zai cire, sai ya zubo mata kwabbai ya buga a kati, in babu ya girgiza kai a gaban duk wanda ke layi. Ta juya ta shiga kantin, wanda sau da yawa gini ɗaya ne da ofishin, ta sayi gari, wake, kitse, kofi, ƙila da takalmin yaro. A kantin nan kuwa babu abin da babu, tun daga allura har akwatin gawa.

Bari mu buga misali da lissafi mai sauƙi. A ce mutum ya loda tan 60 cikin mako biyu, ana biyan senti 50 kan kowane tan, dala 30 kenan. A cire hayar gida dala 4, kuɗin likita dala 1, nakiyar da ya fasa kwal da ita dala 3, don shi ke sayen nakiyarsa, maƙerin da ke wasa masa diga senti 50, fitila senti 50, kwal ɗin girki da ɗumama ɗaki dala 1, ka ji fa, mai haƙo kwal yana sayen kwal. Dala 10 ta tafi. In uwargida ta ciri sikirif na dala 18 a tsakani, abin da zai gani a ambulan ranar biya dala 2 ce. Wannan ma a makon da aka yi aiki sosai kenan. Kasuwar kwal kuwa ba ta da tabbas, rami kan yi kwana biyu ko uku kacal a mako, haya da likita ba sa jira, sai mutum ya karɓi takardar albashi ya ga an ja layi kawai a gurbin abin da ya rage, su suna kiran irin wannan takarda bobtail.

Don haka mai cewa ba a taɓa ba su tsaba ba bai faɗi daidai ba a takarda, amma akwai gidajen da a aikace za su yi wata da watanni ba su riƙe dalar gwamnati ta kirki ba.

In kuma buƙatar tsaba ta taso, a ce za a aika wa tsohuwa kuɗi a Italiya, ko za a sayi abin da kanti ba ya sayarwa, sai a nemi mai canji. Wani ɗan kasuwa ko mai mashaya a wajen gari zai karɓi sikirif na dala ɗaya ya ba ka senti 80 ko 75, wani lokacin ƙasa da haka, shi kuma ya je ya kwashi kaya da shi a cike. Wanda ya ga yadda masu POS suka riƙa yanka a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira ba ya buƙatar dogon bayani, kuɗinka ne, guminka ne, amma sai ka saye shi.

An bar jaki ana dukan taiki?

A nan masana suka rabu. Labarin da ya fi yaɗuwa, wanda ƙungiyar ƙwadago da jikokin ma'aikata ke bayarwa, shi ne sikirif sarƙa ce, kantin kamfani tsada, bashi ba ya ƙarewa, mutum ba shi da ikon tafiya. Sai wani masanin tarihin tattalin arziki, Price Fishback, ya bi alƙaluman hukumomi na wancan zamani a shekarun 1980 ya ce a dakata. A nasa binciken, farashin kantunan kamfani a wurare da yawa bai yi wa na sauran kantuna nisa sosai ba, inda ya fi tsada shi ne can cikin lungu inda kawo kaya ma tsada ne, kamfanoni ba sa son barin ma'aikaci ya ci bashi fiye da abin da ya riga ya yi aikinsa, kuma masu haƙar kwal mutane ne masu yawan sauya wurin aiki, in wannan kamfani ya matsa sai su naɗe tabarma su koma kwari na gaba. Ga shi kuma akwai tsofaffin da suka tashi a irin waɗannan garuruwa da ke tuna kantin da daɗi, nan ake haɗuwa, nan ake karɓar wasiƙa, kayan ma masu kyau ne.

Ni dai a ganina kowanne ya riƙe wani yanki na gaskiya, kuma garuruwan ba ɗaya ba ne, akwai na manyan kamfanoni masu asibiti da filin wasa, akwai na ƙananan 'yan kwangila da ko ruwan sha mai kyau babu. Amma lissafin farashin gari da wake kaɗai ba zai nuna maka inda gizo ke saƙa ba. Mai ba ka aiki shi ne mai gidan da kake haya, shi ne mai kanti, shi ke biyan likita, a wasu gundumomin ma shi ke biyan albashin 'yan sandan yankin, kamar yadda aka yi a gundumar Logan ta West Virginia zamanin shugaban 'yan sandanta Don Chafin. Yarjejeniyar hayar gidan a ɗaure take da aikin, ranar da aka sallame ka ranar za a iya watso maka kaya waje. Da yawa kuma sai sun sa hannu cewa ba za su shiga ƙungiyar ƙwadago ba kafin a ɗauke su, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta goyi bayan irin wannan yarjejeniya a 1917. To a irin wannan hali ba sai an rubuta doka cewa dole ka sayi kaya a kantin kamfani ba, ya isa manaja ya kira ka ya ce ya lura kwana biyu ba ya ganin iyalinka a kanti. Eh, kana iya tashi ka koma kamfani na gaba, amma can ɗin ma gidan nasu ne, kantin nasu ne, hujin kwabon ne kawai ya canza daga tauraro zuwa jinjirin wata. Wannan shi ne ɗaurin talala, igiyar na da tsawo, amma tana nan.

Shi ya sa in ka duba buƙatun masu yajin aiki za ka ga kwabon ba shi kaɗai suke hari ba. A yajin Paint Creek da Cabin Creek a West Virginia na 1912 zuwa 1913 sun nemi a daina tilasta musu ciniki a kantin kamfani, a ba su damar sa nasu mai sa ido a kan sikeli, a tsayar da tan a laba 2,000, a kuma kori 'yan bangar kamfani. A Colorado a 1913 sun nemi 'yancin sayayya a kantin da suka ga dama, da zaɓen likita da masauki, yajin da ya kai ga kisan Ludlow ranar 20 ga Afrilu 1914, inda mata da yara suka mutu a sansanin tantuna. Harbe-harben garin Matewan a West Virginia na 19 ga Mayu 1920, inda mutum 10 suka mutu har da magajin garin, ya samo asali ne daga zuwan jami'an Baldwin-Felts, masu gadin haya da kamfanonin kwal ke ɗauka, su fitar da iyalai daga gidajen kamfani. Shekara ɗaya bayan haka ma'aikata wajen 10,000 suka ɗauki bindiga a tsaunin Blair, sai da aka turo sojojin tarayya.

Doka ta daɗe tana bin sa

Ingila tun 1831 ta yi dokar da ta ce a biya ma'aikata da kuɗin ƙasa. A Amurka jihohi sun yi ta gwadawa kotuna suna rushewa, wai an tauye wa ma'aikaci 'yancin ƙulla yarjejeniyar da ya ga dama, haka kotun Pennsylvania ta ce a 1886. A 1901 Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar Tennessee da ta tilasta wa kamfani ya fanshi takardunsa da tsaba in an nema. Amma doka a birni daban, abin da ke faruwa a kwarin da kamfani ke da alƙali da ɗan sanda daban.

Abin ya fara juyawa ne a 1933 zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, lokacin da ƙungiyar masu haƙar kwal ta United Mine Workers ƙarƙashin John L. Lewis ta samu shiga kudancin West Virginia da gabashin Kentucky, sannan dokar ƙwadago ta tarayya ta 1938, wadda ta kafa mafi ƙarancin albashi na senti 25 a awa, ta sa biyan albashi da sikirif ya daina ƙirguwa a matsayin biya. Duk da haka bai mutu nan take ba, tunda kamfani na iya cewa ai adibas ne ma'aikaci ya roƙa da bakinsa. Abin da ya ƙarasa shi mota ce da kwalta. Da ma'aikaci ya samu albashi mai kauri ya sayi mota, ranar Asabar sai ya kwashi iyali zuwa babban kanti a gari. Injinan haƙa suka shigo bayan yaƙin duniya na biyu aka rage dubban ma'aikata, kamfanoni suka sayar da gidaje suka rufe kantuna. Gundumar McDowell a West Virginia tana da mutum kusan 100,000 a 1950, ƙidayar 2020 ta same ta ƙasa da 20,000. Lynch ɗin nan yau ba ta kai mutum 1,000 ba.

Masu tarawa, da abin da suke nema

Da kanti ya rufe, sikirif ya zama tarkace. Ana ba da labarin kamfanonin da suka narkar da nasu, ko suka zuba a tsohon rami ko a rafi, don kar wani ya kwaso ya zo neman fansa. Abin da ya tsira shi ne wanda ya maƙale a aljihun tsohuwar riga, a gwangwanin maɓallai, a ƙarƙashin daɓen kanti, da buhunan da aka manta a ofis. Daga nan ne harkar tarawa ta taso, kuma waɗanda suka fara mafi yawa 'ya'yan garuruwan ne da kansu.

Suna da ƙungiya, National Scrip Collectors Association, tun 1972, suna taro suna baje koli suna musaya. Suna da kundi da kowa ke komawa gare shi, na Donald Edkins, wanda ya jera kamfanoni gari-gari ya ba kowane kwabo lamba, kuma West Virginia kaɗai ta cinye juzu'i guda, sauran jihohin duka suka haɗu a ɗayan. A ciki akwai ma'aunin wuyar samu daga R1, wanda ya cika kasuwa, zuwa R10, wanda da ƙyar aka san da wanzuwarsa. Idan ka ga mai sayarwa ya rubuta R7 ko R8 a talla, abin da yake nufi kenan.

Farashi kuma ba ya bin abin da mutanenmu suka ɗauka. Ba zinariya ba ne, ba azurfa ba, ƙarfen da ke jikinsa bai kai a kula ba. Tsufa ma ba shi ne ma'auni ba, lambar da ke jiki ma haka, ɗan senti 1 na iya fin na dala 1 tsada nesa ba kusa ba. Abin da ake saye shi ne sunan da ke jiki da yawan waɗanda suka rage. Manyan kamfanoni irin su Island Creek da Consolidation da New River Company da Koppers sun buga dubbai, nasu da yawa da 'yan daloli kaɗan za ka samu. Wanda ake rububi shi ne na ɗan ƙaramin kamfanin da ya buɗe rami ɗaya, ya yi shekara biyu ko uku ya karye, garin ya watse daji ya cinye, irin wannan kan kai ɗaruruwan daloli. Abin mamaki kenan, kamfanin da ya fi kowa gazawa, wanda ƙila ma ya gudu da albashin mutane, shi ne kwabonsa ya fi daraja yau. Kuma ko wannan darajar ba ta da tabbas, yau kwabo R9 ne, gobe wani ya rushe tsohon gini ya tarar da buhu guda, shi ke nan farashi ya faɗi warwas.

Kowa da salon tarawarsa. Wani gundumarsu kawai yake bi, yana so ya haɗa na kowane kamfani da ya taɓa aiki a McDowell ko Harlan ta Kentucky. Wani yana haɗa cikakken jeri na kamfani ɗaya daga senti 1 zuwa dala. Wani hujin yake bi. Wani kuma kwabo ɗaya tak yake nema a duniya, na garin da kakansa ya yi aiki, kuma irin wannan mai sayen ba ya taya farashi da hankali. Akwai ma waɗanda sana'arsu ita ce bin diddigin kwabban da aka buga da sunan kanti kawai babu sunan gari, su yi ta tonon tsoffin takardu har su gano na ina ne.

A nan ma akwai saɓani. Wasu jikokin ma'aikata ba sa son ganin abin a cikin gilashi ana yaba kyansa, a wurinsu tamkar a rataye marin ɗaure bayi ne a falo. Masu tarawa kuma na cewa in ba don su ba, da ƙananan garuruwa da yawa ko sunansu bai rage ba, babu gini, babu allo, sai wannan ɗan ƙarfen da ya ce an taɓa yin wuri kaza, kamfani kaza. Kuma gaskiya masu tarihi na amfana da jerin nasu. Tsohon kantin kamfanin International Harvester da ke Benham a Kentucky yanzu gidan tarihin kwal ne, kuma a 2017 aka kafa masa faranten sola a rufi don rage kuɗin wuta, gidan tarihin kwal fa.

Ba Amurka kaɗai ba, kuma bai gama mutuwa ba

A Chile masu haƙar naitiret, gishirin da ake yin taki da nakiya da shi, da irin waɗannan kwabbai aka riƙa biyan su, kuma batun na cikin koken da suka kai garin Iquique a Disamba 1907, inda sojoji suka buɗe musu wuta a wata makaranta. A tsibiran Svalbard can kusa da ƙarshen arewacin duniya, kamfanin kwal na Tarayyar Sobiyet, Arktikugol, ya buga nasa kwabban a 1946, su ma yau ana tara su. A 1949 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya mai lamba 95 da ta hana biyan albashi da takardun alƙawari ko tikiti, Najeriya na cikin waɗanda suka amince da ita, kuma farkon abin da Dokar Ƙwadagon Najeriya ta faɗa shi ne a biya albashi da kuɗin ƙasa, sannan mai ba da aiki ba shi da ikon gindaya wa ma'aikaci inda zai kashe ladansa. Dabarar dai takan dawo da sabuwar riga, a 2008 Kotun Ƙolin Meziko ta yanke hukunci a kan Walmart, babban kamfanin kantuna na Amurka, saboda ba ma'aikaci wani ɓangare na haƙƙinsa da katin da ba ya ci sai a kantunanta, har kotun ta kwatanta shi da kantunan gandaye na zamanin tsohon shugaban ƙasar, Porfirio Díaz.

Ga wanda kuma abin ya ba shi sha'awa yake son saye, ko wani ya zo masa da ɗaya yana rantsuwa cewa dukiya ce: a karanta sunan kamfani da na gari, a nemi lambarsa a kundin Edkins, a duba nawa aka riga aka sayar da irinsa, ba nawa mai talla ya rubuta ba, don kowa na iya rubuta miliyan. Akwai jabu, akwai kuma waɗanda aka buga daga baya don masu yawon buɗe ido, suna ƙyalli kamar jiya aka ƙera su. In kuma na gaske ne ya zo hannunka ya yi baƙi ƙirin, don Allah kar ka ɗauko toka da lemon tsami ka ce za ka goge shi ya yi kyau, masu saye da wannan dattin suke son sa, wanda aka goge farashinsa faɗuwa yake yi.